Farin Tamfol

Ƙarar ta zo ne gab da asuba, kamar ana jan keken ɗinki a saman kwanon ɗakinmu. Ta taho daga gabas, ta wuce, ta yi nisa har na ce ta tafi, sai ta juyo ta bi ta gefen inda ta bi da farko. Na kwanta ina ƙirgawa. Sau goma sha ɗaya ta je ta dawo, layi kusa da layi, irin ɗinkin da ake yi wa katifa. Matata na kwance ta ba ni baya. Na san idonta biyu, don numfashin mai barci daban yake.

Ɗinki ne sana'ar 'yarmu. Auta muke ce mata har ta kai shekara ashirin da shida. Shekara biyu da suka wuce aka yi ruwa kwana tara a jere, tudun da ke bayan tsohuwar unguwarmu ya jiƙe ya zamo, ya rufe gida sittin da wani abu kafin mutum ya sa takalmi. Ni da uwarta muna asibiti a ranar, ta raka ni cire haƙori. Auta ta zauna gida tana ƙarasa rigar wata mata. An tono waɗanda aka tono a kwana uku na farko, daga nan aka hana tono, don tudun bai gama motsi ba. Laka ta shafe lungu da titi da bishiya, babu mai iya nuna inda ƙofarsa take. Yanzu wajen fili ne, ciyawa ta rufe shi. Mu kuma an ba mu ɗaki biyu a sababbin gidajen da aka jera a bakin titi, duk fenti ɗaya.

Da gari ya waye, maƙwabcinmu Mai Faci ya leƙo ta kan katanga da buroshi a bakinsa.

"Baban Auta, ka ji abokinka jiya?"

"Wane aboki?"

"Wanda ya hana mu barci. Na ce wa matata ta kwantar da hankali, duk abin da ya yi ƙara marar kan gado a garin nan, tsohon nan ya san shi. In bai san shi ba, jibi zai tsinto shi ya ajiye ƙarƙashin gado."

Gwangwanina yake wa tsiya. Ina da gwangwanin madara da nake tara gilasai a ciki: idon tabarau, ƙwan tocila, da wani ƙarau mai kusurwa uku da na tsinta a bola, wanda in ka riƙe shi a rana yake zubo bakan gizo a bango. Tsohon gwangwanin ya fi wannan kaya, yana ƙarƙashin laka.

Na sa hula na tafi ƙaramin filin jirgi da ke bayan gari. Na taɓa yin aikin yankan ciyawa a wajen, maigadi ya san ni, ya bar ni na shiga. Jirgin yana cikin rumfa, fari, bai fi motar haya tsawo ba. An huda cikinsa ta ƙasa an sa gilashi. Wata mata na kwance rigingine a ƙarƙashinsa a kan kwali, tana goge gilashin da wani ƙyalle mai laushi, a hankali kamar mai share wa jariri ido.

"Baba, matsa kaɗan, ka tare mini haske," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Na matsa, amma ban tafi ba. Da ta fito ta ga har yanzu ina leƙen gilashin, sai ta yi dariya. Ita ce injiniyar aikin. Hukuma ce ta ɗauko su su duba filin tsohuwar unguwa daga sama, kafin a kewaye shi da waya a dasa itatuwa don riƙe ƙasa. In an dasa, babu sauran tono.

Ta ce kyamara ce a bayan gilashin. Ta daren jiya kyamarar zafi ce, tana ganin inda ƙasa ta riƙe ɗumi da inda ta saki. Amma babbar ita ce ta rana.

"Launi nawa kake gani a bakan gizo, Baba?"

"Bakwai aka ce mana a makaranta. Ni dai biyar nake samu."

"Wannan tana raba haske gida ɗari biyu da wani abu. Kuma ba ta tsayawa inda idonka ya tsaya. Bayan ja akwai wasu launuka, ido bai kai can ba."

Na daɗe ina kallon bakan gizon ƙarauna a bango, ban taɓa tunanin akwai wani abu a gefen da ja ya ƙare ba. Ni fenti nake gani a wajen.

Ta ce a wannan launin na bayan ja, ganye yana haske kamar fitila, kuma kowane ganye da ƙarfin haskensa. Ciyawar da ta tsiro a kan katangar da laka ta binne, saiwarta ba ta zuwa ko'ina, ƙishi take ji, haskenta ya yi rauni. Wadda kuma ta tsiro a kan abin da ya... Sai ta katse maganar ta dube ni.

"Ƙarasa," na ce. "'Yata tana ciki."

Ta naɗe ƙyallen ta sa a aljihu. Can ta ce abokin aikinta na ƙasa ya koma gida, matarsa ta haihu, tana neman wanda zai riƙa shimfiɗa mata tamfol. Ta tambaye ni ko ina iya tura baro.

Tamfol uku ne, fari da ruwan toka da baƙi, kowanne ya kai faɗin ɗaki biyu. Farin ya tsufa, ya koma launin haƙorin tsoho. Ta shimfiɗa su a kan kwalta, ta ɗauko wata na'ura mai kama da tocila da igiya ta shiga jakar baya, ta riƙe ta a kan kowanne, lambobi suna zuba a kwamfuta.

"Kyamara ba ta san fari ba sai an nuna mata," in ji ta. "Ranar yau daban, ta gobe daban. In ta hango waɗannan daga sama, ni kuma na san ainihin hasken kowanne, sai in gyara sauran filin da su. Su ne ma'aunina. Lambobin nan da na ɗauka yanzu, da su zan yi aiki. Kada ruwa ya taɓa su, kada a taka su. Ka ji, Baba?"

Na ce na ji.

Matuƙin jirgin, wani dogo mai yawan cin gyaɗa, yana jingine da fiffike yana saurare. Ya ce, "Baba, ka samu muƙami. Ni direba ne kawai, kai ne mai riƙe da gaskiya."

Sai gajimare ya zo ya zauna kwana huɗu. Kullum da hantsi in tura baro zuwa bakin filin tsohuwar unguwa in jira, kullum Injiniya ta kira wayata ta ce a bari sai gobe. Rana ta biyu na shimfiɗa don gwaji, balbelu suka sauka a kan farin suka bar shaidarsu. Rana ta uku na ga ɗakin ajiyar filin jirgi yana yoyo, sai na turo tamfol ɗin gida, na jingine su a baranda.

Ban gaya wa matata abin da Injiniya ta ce ba. Ba ɓoyewa na yi ba. Magana ce ta yi ƙaranci a gidanmu. Na dai ce mata da su za a nemi Auta.

Tun da muka dawo sabon gida, wanki ne aikinta. Takan wanke kayan da ta wanke jiya. Labulenmu ya koɗe, zanin gado ya yi shara-shara. Ba ta fita ko ƙofar gida, matar Mai Faci ce ke mata cefane. Ƙarar famfo a bokiti ita ce muryar gidan.

Rana ta huɗu na dawo da la'asar na tarar da tsakar gida ta ɓace. Farin tamfol ya cinye igiyoyin shanya duka uku, gefensa ya haye katangar Mai Faci. Ya yi fari har yana ɗaukar ido, da ɗan shuɗi-shuɗi a jikinsa, ƙamshin garin sabulu ya cika ko'ina. Matata na zaune kan kujera 'yar tsugunne, hannuwanta sun yi yaushi.

"Na sa masa bula kaɗan," in ji ta. "Abin da za a nemi Auta da shi ba zai je da kashin tsuntsu ba."

Rabon da in ji ta yi magana mai tsawon haka, na manta.

Mai Faci ya ɗaga gefen da ya rufe masa katanga ya leƙo. "Wannan kuma rigar wa? In ta Baban Auta ce, a rage mata wuya."

Na zauna ina lissafi a raina. An ce kyamara ba ta san fari ba sai an nuna mata. To ga fari na gaske, wanda ya fi na da. Ko makaho ma zai gane shi. Na san akwai rami a lissafin, amma na taka a hankali na wuce ta gefensa. Da dare matata ta bi shi da dutsen guga, layi-layi, ta ninke.

Washegari sama ta buɗe tas. Ƙarfe sha ɗaya na shimfiɗa su a bakin filin, na danne kusurwoyi da duwatsu, na ja da baya don kada inuwata ta hau. Jirgin ya zo da tsakar rana. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, inuwarsa tana bi ta kan ciyawa kamar hannu a kan yadi. Ina tsaye ina tunanin abin da yake gani. Ko mu ma muna da wani launi a can bayan ja, ko tsoho ya fi yaro duhu. Awa ɗaya da rabi aka yi. Da ya tafi, filin ya yi tsit.

A nan ne tsoro ya zo. Da yamma zan mayar da tamfol, Injiniya za ta ga farin, za ta tambaya. Zan ce matata ce, sai ta tambayi dalili, ni kuma ba ni da bakin faɗar dalilin a gaban matuƙi da gyaɗarsa. Sai na ja farin tamfol a kan ƙasa daga wannan dutse zuwa wancan. Na yayyafa masa sauran shayin da ke gorata, na murza da tafin hannu, na ƙara ƙasa, na kakkaɓe. Na yi ta yi har ya koma launin haƙorin tsoho. Aikin ya yi kyau. Ko ni da na yi ba zan ce an taɓa wanke shi ba.

Kwana biyu ban ji daga gare ta ba. Rana ta uku da safe ta kira ni. Gajimare ya dawo. Na same ta a ɗan ofishin da ke cikin rumfa, idonta ya faɗa, kofunan shayi uku a gaban kwamfuta. Taswirar filin tana kan gilashin kwamfutar, dabbare-dabbare kamar bangon da ruwa ya ci.

"Lambobin sun ƙi zama, Baba," in ji ta. "Ciyawar nan ta fito da launin da babu ciyawar da ke da shi a duniya. Na duba kyamara, na duba waya, na duba kaina. Ba zan sa hannu a kan wannan ba. Ba za a tura mutane su tona ƙasa a kan abin da ban yarda da shi ba."

"A sake tashi mana."

"Da wace rana? Gobe da safe jirgin zai wuce wani aikin. Zan rubuta cewa hoton bai yi ba."

"Sai kuma a dasa itatuwa."

Ta juya wata takarda. "Abin da ya fi ɗaure mini kai, jiya na sake auna farin tamfol. Bai ba ni lambobin ranar farko ba. Kuma ba su ne kyamara ta gani daga sama ba. Tamfol ɗaya, fuska uku."

Na cire hulata na riƙe. Na faɗa mata, daga balbelu har shayi. Muryata ta fito daidai, kamar ina ba da labarin wani. Matuƙi yana bakin ƙofa, ya daina tauna.

Injiniya ta ajiye takardar a kan tebur.

"Wankin ba komai ba ne, Baba," ta ce a hankali. "Da ka kawo mini shi yadda yake ranar, da bularsa da gugarsa, minti goma zan auna shi in gyara lissafina. Ni ba fari nake nema ba. So nake in san abin da kyamara ta gani. Ƙasar da ka shafa masa ce ta tafi da shi."

"A sake wankewa."

"Wanki biyu ba sa zama ɗaya."

Matuƙi ya ce, "Baba ya yi wa tamfol kwalliya, ya dawo ya yi masa tsufa. Ni matata ɗaya kawai take iyawa." Babu wanda ya yi dariya, shi ma bai jira ba.

Na tsaya ina jiran in ji wani abu a ƙirjina. Babu abin da ya zo. Na lura dai agogon bangon ofishin ya tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma, na yi ta tunanin ko na safe ne ko na yamma.

"Har gajarta ya yi," in ji Injiniya, tana magana da takardarta. "Gefe ɗaya ya ragu da kamu biyu. Na ɗauka wanki ne ya tsuke shi, amma tamfol ba ya tsukewa haka."

Na fita na buɗe tamfol ɗin a ƙasan rumfa, na bi gefensa da yatsa. Uku ɗinkin inji ne. Na huɗu an kalmashe shi da hannu, ƙanana-ƙanana, kowane ɗinki ya ɗan kwanta hagu. Shekara arba'in ina sa riguna masu wannan kalmasa. Hannun matata ne, a wajenta Auta ta fara koyon riƙe allura.

Na koma gida na tarar da ita a bakin famfo. Na rufe famfon. Ta ɗago ta dube ni, don ban taɓa yin haka ba.

"Uwar Auta, kin yanki tamfol."

Ta share hannu a zaninta. "Yana da yawa. Ba za su rasa kamu biyu ba."

"Yana ina?"

"Na Auta ne. In an same ta, ba a cikin buhu za a ɗauko ta ba."

Na zauna a bakin baranda na yi mata bayani yadda na iya: ma'auni, da fuska uku, da abin da na yi da shayi. Ban san ko ta bi ni ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin akwati, ta fito da shi a ninke cikin tsohon zanin gado.

"Za a taka shi?"

"A'a."

"Za a yanka?"

"Kallonsa kawai na'urar za ta yi."

Na miƙa hannu, ba ta ba ni ba. Ta ɗauko mayafinta. Takalmanta sun bushe a ƙarƙashin gado har sun lanƙwashe, sai da ta buga su a ƙasa. Matar Mai Faci tana shara a ƙofar gida, ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonmu har muka sha kwana.

Injiniya ta gaishe ta da "Mama", ta sa aka fito da teburin ofis waje aka goge shi sau biyu. Matata ta shimfiɗa ƙyallen da kanta, ta lallashe shi da tafin hannu. Dogo ne siriri, fari da ɗan shuɗinsa, layin guga yana nan. Injiniya ta ce fitila ba za ta yi ba, bula da garin sabulu a rana suke nuna halinsu, dole a jira rana.

Muka jira. Mu huɗu a tsaye a kan kwalta, kowa ya ɗaga kai. Gajimaren yana tafiya kamar ba ya so. Matuƙi ya miƙa wa matata gyaɗa, ta karɓa ta riƙe a hannu ba ta ci ba. An kawo mata kujera ta ƙi zama. Wajen ƙarfe biyu wani gefe ya yage, haske ya sauko a kan rumfa, ya taho ta kan kwalta, ya hau tebur. Injiniya ta riƙe na'urar a kan ƙyallen, ta ce kowa ya ja baya. Ta auna nan, ta auna can, sau goma. Ana gamawa matata ta ninke abinta, tun kafin rana ta koma.

Lissafin ya fi minti goma. Ya kai awa biyu. Muna zaune a benci a bakin ofis. Sai ta kira mu.

Taswirar ta zama ja, ja mai duhu da ja mai haske, ta ce haka suke fentin launin da ido ba ya gani don mutum ya samu abin kallo. A cikin jan akwai zare-zare masu haske, miƙaƙƙu, suna haɗuwa suna yin ɗakuna. Unguwarmu ce kwance, kamar an cire wa kowane gida hula. Ga lungun mai niƙa. Ga kwanar da mota ba ta iya shiga.

"Ban san gidan kowa ba," in ji Injiniya. "Ku ne za ku sani."

Ni na sani. Lokacin da nake gina katangar baya, akwai bishiyar lemo a kan layin, na ƙi sare ta, na lanƙwasa katangar ta zagaye ta. Shekara talatin ana mini dariya, ana cewa magini ya sha wani abu. A duk taswirar layi ɗaya ne ya tanƙware kamar lauje. Na sa yatsa a kai.

Ta matso da wajen ya girma. Ga ɗakinmu, ga na Auta. A kusurwar ɗakin Auta ta wajen taga, inda keken yake don ta samu haske, akwai tabo ja wur, bai fi tabarma ba.

"Ba zan ce muku ga abin da ke nan ba," in ji Injiniya. "Ciyawar wajen ta fi ta kewayenta ƙoshi. Iyakar abin da kyamara ta sani ke nan."

Matata ta matso da fuskarta dab da gilashin. Ta daɗe. Sannan ta sa bakin mayafinta ta goge wajen da yatsana ya bar maiƙo.

Akwai irin wannan tabo goma sha tara a filin. Injiniya ta ce yanzu za ta sa hannu, za a kira iyalai ɗaya bayan ɗaya. Namu ta ce ba sai mun jira ba. Da yamma ta kai mu a motarsu, tana tafe cikin ciyawa tana duba wata ƙaramar na'ura a tafin hannunta, mu muna biye. Ta tsaya, ta matsa taku biyu hagu, ta kafa turke mai jan ƙyalle. Ta ba ni takarda mai gurbi biyu: wanda yake so a tono ya sa hannu a sama, wanda yake so a bar nasa a sa alama ya sa a ƙasa. Kwana bakwai aka bayar. Ta koma mota ta bar mu.

Ciyawa ce har gwiwa. Na duba ta, na duba ta gefenta, kore ɗaya nake gani. Na tsuguna na tsinki ganye ɗaya daga nan, ɗaya daga can, na haɗa su a tafin hannu. Da na sake dubawa na kasa tuna wanne ne wanne. Na ciro ƙarauna daga aljihu na riƙe shi a sauran ranar da ta rage, bakan gizo ya zubo a kan rigata. Na kalli gefen da ja ya ƙare. Riga ce kawai.

Matata na tsaye da ƙunshinta a hammata. Ba ta taka cikin wajen ba, ta zagaye shi, kamar yadda ake zagaye inda aka yi shara. Wata fara ta tashi daga gindin turken. Muka juyo.

Da safe na ji jirgin ya tashi. Wannan karon bai dawo ba, layi ɗaya ya ja ya tafi. Na sa ganyayen biyu a gwangwani, na ɗora gwangwanin a kan takardar don kada iska ta ɗauke ta. Biro yana gefe. Matata ta mayar da ƙyallen akwati, ta fito da labule, ta kunna famfo.

Mai Faci ya leƙo ta kan katanga. Babu buroshi a bakinsa, kuma bai fara da tsiya ba. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya dubi bayan matata.

"Baban Auta, an ce an ga wajen." Ya gyara tsayuwa a kan bulon da yake takawa. "To yanzu ɗauko ta za a yi, ko a can za a bar ta?"

Bokitin ya cika, ruwa ya fara zuba ta gefe yana bin siminti.